Idan tsohon babur ya ƙi tashi

'Yan'uwa, kafin ku tura babur zuwa Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, ku fara da fulogi. A kwance shi, a mayar cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas, lafiya lau. Sai a koma kan mai da kabureta. Idan ja ce mai rauni, a goge baƙin da ke kan fulogin, a daidaita tazarar bakinsa zuwa milimita 0.7.

Babu wuta sam? A babura irin su Honda CG125, cire waya baƙa mai ratsin fari daga CDI (ƙaramin akwatin da ke sarrafa wutar fulogi), wayar ce ke kashe inji. In wuta ta dawo, makulli ne ya lalace. Damina a Kumasi tana tsatsar da soket da wayar at (wadda ke haɗe da jikin babur) ta kwayil, wato abin da ke tura wuta zuwa fulogi, don Allah ku kankare su kafin ku sayi sabon CDI.