Kafin a ce maka sai an sauke inji, auna kwamfireshan tukuna

Mota ta fara shan baƙin mai, ko tana hayaƙi shuɗi a salansa, ko ta hau tudu tana nishi kamar an ɗora mata buhu ashirin, kana zuwa gareji abu na farko da za ka ji shi ne oga ai ringi ya tafi. Wataƙila gaskiya ne, amma awon kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda, da bai kai minti talatin ba zai nuna maka ko ringin ne ko bawul ko gasket, kuma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Ka nemi gejin kwamfireshan, wanda ake ɗaurawa a ramin fulogi ya fi wanda ake dannawa da hannu, sai sifanar fulogi da batir mai caji sosai, don in batir ya yi sanyi kik ba zai juya inji da ƙarfi ba, gejin sai ya yi maka ƙarya. Ka tayar da motar ta ɗauki zafi, ka kashe, ka ɗan jira kar ka ƙona hannu, ka hure ƙurar da ke gefen fulogai sannan ka cire su duka, ba ɗaya ba. Ka sa wa wayoyin alama fa, mutane da yawa a nan suke rikicewa wajen mayarwa.

Yanzu sai a yanke wuta da fetur, a nan ne mai kafireta da mai injekta suka rabu. In mai kafireta ce irin tsohuwar Peugeot 504, ka zare wayar da ta taso daga koyil zuwa distiributa ka jingina ta da ƙarfen inji, ka tabbatar cok a buɗe yake, sannan a taka totur sau ɗaya har ƙasa a riƙe. Kar a yi ta famfa shi, duk takawa kafireta na watsa fetur ciki, fetur kuma yana wanke man da ke jikin silinda sai awon ya sauka. In mai injekta ce, ka cire fis ko rile na famfon mai, ka tayar da ita ta ƙone ragowar har ta mutu da kanta, wannan kam kafin ka cire fulogan za ka yi shi, sai ka zare soket ɗin koyil. In ta kunna maka fitilar cek injin daga baya kar ka tsorata, ana gogewa.

To ka ɗaura geji a silinda ta 1, wani ya danne totur ya yi kik, inji ya buga kamar sau 5 ko 6 har allura ta tsaya. Rubuta, saki iskar, wuce ta gaba, kowacce da bugu iri ɗaya.

Injin fetur mai lafiya yawanci yana ba da tsakanin 125 zuwa 180 psi (ma'aunin matsi da ke jikin gejin), in ka ga ƙasa da 100 akwai magana. Amma ni abin da na fi dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin silindojin, kar ta wuce kashi 10 cikin 100 ko kusa da haka. Inji mai 140 a duka huɗun ya fi mai 175, 170, 172 da 120 lafiya nesa ba kusa ba.

Silindar da ta yi ƙasa, zuba mata baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya ta ramin fulogi ka sake aunawa. In allura ta haura sosai, ringi ne ko silinda ta cinye, man ne ya toshe kafar na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, yawanci bawul ne ba ya rufewa ko ya ƙone, aikin tof silinda kenan, wato saman inji, ba sai an taɓa ƙasan inji ba. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, musamman in motar ta taɓa ofa hitin ko ruwan lagireto na raguwa, ka zargi gasket. Duka suka faɗi lokaci guda kuwa, a duba bel ko kacar taimin ko ta tsallake haƙori.

Mai dizal kar ya gwada da wannan gejin, nasa matsin ya kan haura 300 psi, gejinsa daban ne.