Yadda Ake Shirya Tafiyar Cika Shekarar Aure Zuwa Gonakin Inabin Cape Town

Gabas da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka a mota, akwai kwaruruka a tsakanin duwatsu da ake noman inabi a cikinsu tun ƙarni na 17. Garuruwa uku ne ƙashin bayan yankin: Stellenbosch da Franschhoek da Paarl. Ma'aurata daga sassan duniya kan je can murnar zagayowar ranar aurensu, akasarinsu don ɗanɗana giyar inabi daga wannan gona zuwa waccan. Wanda ba ya sha ma ba zai rasa abin yi ba, matuƙar an tsara tafiyar tun daga gida. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ku gama maganar giya kafin ku sayi tikiti

Sana'ar gonakin nan giya ce, babu wani kwana-kwana. Tun ranar 2 ga Fabrairun 1659 da Jan van Riebeeck, jagoran Turawan Holan da suka fara zama a Cape (wato Cape Town da kewayenta), ya rubuta cewa an matse inabin farko a can, abin da yankin ya shahara da shi ke nan. Don haka maigida da uwargida su zauna su fahimci juna. Akwai masu sha. Akwai waɗanda ba sa sha amma ba su damu da zama inda wasu ke sha ba. Akwai kuma waɗanda ko teburin da aka ɗora kwalba ba za su zauna a kai ba. Kowane rukuni da irin tafiyarsa, kuma sauran matakan duk a kan wannan shawara suke tsayawa. Kada sai an zaunar da ku an jera kofuna sannan ku fara kallon-kallo.

Mataki na 2: Ku zaɓi lokaci

Yanayinsu a juye yake da namu. Lokacin da muke fama da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, su suna tsakiyar zafi. Ruwan sama kuwa daga Yuni zuwa Agusta yake sauka, tare da sanyi, kuma a lokacin kurangar inabin ta kaɗe ganye, sai itace tsirara a jere. Masauki ya fi araha a wannan tsakanin, amma gonar ba ta da kyan gani sosai.

A ganina Fabrairu da Maris sun fi. Lokacin girbi ne: da sassafe za ku ga ma'aikata a tsakanin layuka da almakashi suna yanke nonnan inabi suna zubawa a akwatuna, tarakta na jan su zuwa wurin matsa. A lokacin ne kuma ake samun inabin hanepoot, mai zaƙi da ƙamshi, wanda ake ci haka nan. Ku guji tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, lokacin hutun 'yan ƙasar ne, ko'ina a cike yake kuma farashi ya tashi. Idan ranar aurenku ta faɗo a cikin sanyinsu, babu laifi a ɗaga bikin.

Mataki na 3: Takardu da jirgi

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, kuma ana son katin rigakafin cutar shawara. Ku nemi bizar da wuri, watanni kafin ranar tafiya, kuma ku kama masaukin da ake iya sokewa ba tare da asara ba. Daga Legas zuwa Johannesburg kusan awa 6 ne a jirgi, daga can zuwa Cape Town kusan awa 2. Agogonsu yana gaba da na Najeriya da awa ɗaya. Kuɗinsu rand ne, kuma kusan ko'ina ana karɓar kati. Soket ɗinsu daban ne da namu, ku sayi abin haɗa caja a filin jirgi.

Mataki na 4: Ku sauka a gari ɗaya

Kada ku riƙa ɗaure kaya kullum. Stellenbosch, wanda Simon van der Stel, shugaban mulkin Holan a Cape, ya kafa a 1679, gari ne na jami'a, da itatuwan oak a gefen tituna da tsofaffin fararen gidaje a titin Dorp. Akwai shaguna da masallaci, ana kuma yawo a ƙafa. Franschhoek ƙarami ne, ya fi shiru, ya fi tsada. Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini ne suka zauna a kwarin tun daga 1688, shi ya sa gonaki da dama ke da sunayen Faransanci. Masu neman kaɗaici su zaɓi Franschhoek, masu son sauƙin abinci da salla su zaɓi Stellenbosch. Kwana uku ko huɗu sun isa.

Mataki na 5: Gona biyu a rana, in an matsa uku

Nan ne mutane ke ɓata tafiyarsu. Gonakin suna da yawa, sai a ga ma'aurata sun rubuta shida a rana ɗaya, su wuni a mota, su koma masauki a gajiye ba mai yi wa wani magana. Ku zaɓi kaɗan, kowacce da dalilinta.

Babylonstoren, gona ce tun 1692, tana da lambu mai faɗi cike da kayan marmari da ganyaye da itatuwan 'ya'ya. Za ku yi rabin wuni a ciki ba ku ga kwalba ba. Boschendal, ta 1685, an san ta da kwandon abinci da ake shimfiɗawa a ci a kan ciyawa a ƙarƙashin itatuwa. Fairview a Paarl cuku take yi, kuma a bakin shiga akwai wata hasumiya da awaki ke hawa. Morgenster a Somerset West ana ɗanɗana man zaitun, maƙwabciyarta Vergelegen kuma tana da manyan itatuwan kafur da suka haura shekara 300. Ku kama wuri ta intanet tun kafin ku je, musamman na abincin rana, ku kuma rubuta musu cewa bikin cika shekarar aure kuke yi. Sau da yawa sukan ba da tebur mai kyau.

Mataki na 6: A teburin ɗanɗano

Tsarin kusan iri ɗaya ne. Ana biyan kuɗi, a jera kofuna kamar biyar, ma'aikaci ya zuba kaɗan a kowanne, ya yi bayani. Ana farawa da fara, a koma ja, a ƙare da mai zaƙi. Mai ɗanɗanawa ya riƙe kofin ta ƙafarsa, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, ga kuma ɗan bokiti a gefe don tofarwa. Sunaye biyu za ku yi ta ji: Chenin Blanc, farin inabin da aka fi shukawa a ƙasar, da Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya samar a Stellenbosch a 1925 ta hanyar haɗa iri biyu.

Wanda ba ya sha ya faɗa tun farkon zama, ba abin kunya ba ne, sun saba. Ku nemi ruwan inabi zalla, fari ko ja, mai gas ko maras gas, ko shayin rooibos, wani jan shayi na ƙasar. Amma ku karanta kwalba da idonku. Akwai giyar da aka cire mata barasa bayan an gama haɗa ta, wadda takan ɗauki ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin ɗari. Wannan daban take da ruwan inabin da bai taɓa tsima ba, kuma ma'aikaci yana iya kawo ta da kyakkyawar niyya yana ganin ya taimake ku.

Mataki na 7: Abinci

A gidajen abincin gonaki ana yawan dafa nama da giya, kuma farantin busasshen nama da ake kawowa da cuku galibi akwai alade a ciki. Ku tambaya. Kifi da ganye sun fi sauƙin sha'ani. Abincin halal kuwa ba ya wuya a Cape Town, inda Musulmi ke da yawa. Ku je unguwar Bo-Kaap ku ci bobotie, wato niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da aka gasa da ƙwai a sama, da biryani, da koesister, ɗan'uwan fanke ne da aka tsoma a ruwan sukari aka barbaɗa masa kwakwa. Ana bar wa mai hidima kashi 10 zuwa 15 na kuɗin abinci.

Mataki na 8: Zirga-zirga

A hannun hagu suke tuƙi, sitiyari a dama. Wanda bai saba ba ya ɗauki direba na wuni ko ya kira Uber. Duk wanda ya sha kada ya taɓa mota. A Franschhoek akwai ɗan jirgin ƙasa da motocin safa na Wine Tram da ke zagaya gonaki, ku sauka inda kuke so, ku jira na gaba. Tsakanin Stellenbosch da Franschhoek ku bi ta mashigar Helshoogte da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke haska duwatsun.

Mataki na 9: Ku ware wuni ɗaya ga tarihin wurin

Bayi ne suka gina waɗannan fararen gidaje suka kuma noma gonakin, an kawo su daga Indiya da Indonesiya da Madagaska da gabashin Afirka. A wasu gonakin har yau ƙararrawar kiran bayi tana rataye a tsakanin ginshiƙai biyu. Ƙauyen Pniel da za ku ratsa a hanyar Helshoogte an kafa shi ne a 1843 domin 'yantattun bayi. A Macassar, ba nisa da Stellenbosch, akwai hubbaren Shehu Yusuf, malami ɗan Indonesiya da Turawan Holan suka koro zuwa Cape a 1694, ya rasu a 1699. A Bo-Kaap akwai masallacin Auwal na 1794, na farko a ƙasar. Tsakanin Paarl da Franschhoek kuma akwai gidan yarin da Nelson Mandela ya fito daga cikinsa ranar 11 ga Fabrairun 1990, da mutum-mutuminsa a bakin ƙofa. Gidan yarin yana aiki har yanzu, don haka a ƙofar ake tsayawa a ɗauki hoto a wuce.