Yadda ake lissafin wa'adin tallafin gwamnati ga 'yan Afganistan masu bizar SIV a Amurka

Bizar SIV, wato bizar ƙaura ta musamman, ta waɗanda suka yi wa gwamnatin Amurka aiki ce a Afganistan, irin su tafintoci da direbobi, tare da matansu da 'ya'yansu. Mai ita da zarar ya sauka ya zama mazaunin dindindin, kuma yana iya neman tallafin da ake ba 'yan gudun hijira. Sai dai kowane tallafi da nasa wa'adin, kuma kwanakin na tafiya ko an nema ko ba a nema ba.

Da fari a tantance ranar da lissafi ya fara. Ita ce ranar da mutum ya shiga Amurka da bizar, wato ranar da ke jikin hatimin fasfo. Wanda kuwa yana cikin ƙasar aka ba shi matsayin SIV, lissafinsa daga ranar amincewar yake farawa. A duba alamar da ke kan bizar: SQ1 ko SI1 ta mai bizar ce, SQ2 ko SI2 ta matar aure ko miji, SQ3 ko SI3 ta yaro. Idan matar da yaran sun biyo baya, kowa da ranarsa, kada a jingina su da ta maigida.

Akwai tsohon bayani da har yanzu ke ruɗa mutane. Dokar Disambar 2007 wata 6 kawai ta ba 'yan Afganistan, ta Maris 2009 ta mayar da shi 8. A ranar 19 ga Disambar 2009 aka cire wannan iyaka, aka ce wa'adinsu ɗaya da na 'yan gudun hijira. Saboda haka jiran shekara 5 da dokar 1996 ta ɗora wa sabbin mazauna kafin su samu tallafin abinci na SNAP, ko kuɗin iyali na TANF, ko inshorar lafiya ta Medicaid, bai shafe su ba. Idan ma'aikacin ofishin walwala ya ce a jira shekara 5, a nuna masa alamar bizar, a nemi ya tantance ta manhajar SAVE da gwamnati ke duba matsayin baƙi da ita, kuma a karɓi amsar a rubuce domin da ita ake ɗaukaka ƙara.

Inda aka fi yin asara shi ne kuɗin RCA da tallafin magani na RMA, waɗanda ofishin ORR mai kula da tsugunar da 'yan gudun hijira ke biya wa waɗanda TANF da Medicaid ba su ɗauka ba, galibi marasa aure da ma'auratan da ba su da yara ƙanana. Shekara da shekaru wa'adinsu wata 8 ne. Aka ɗaga shi zuwa 12 ga waɗanda ranarsu ta faɗo daga 1 ga Oktoban 2021, sannan aka rage zuwa wata 4 ga waɗanda ta faɗo daga 5 ga Mayun 2025. Wata huɗu ba wani lokaci ba ne ga mai neman gida da aiki a baƙuwar ƙasa.

Ƙa'ida ta ba kowace jiha zaɓi biyu wajen ƙirga: ko daga ainihin ranar sauka, ko da watannin kalanda. A hanya ta biyun, watan da aka sauka shi ne na farko. Wanda ya sauka ranar 28 ga Yuni, kwana uku sun cinye masa wata guda, sauran Yuli, Agusta da Satumba. Idan ya yi sanya bai cike takarda ba sai Agusta, watannin da suka wuce sun wuce ke nan. Shi ya sa ya kamata a je ofishin walwala na jiha ko na gunduma a makon farko, da fasfo da biza da shaidar adireshi, ko da katin zaman dindindin, wato green card, bai iso ba tukuna. A tambayi wace hanyar lissafi jihar ke bi, a rubuta ranar ƙarewa a ajiye. Komawa wata jiha ba ya sabunta wa'adin.

Shirin Matching Grant, wanda ke maye gurbin RCA ga mai son kama aiki da wuri, cikin kwana 31 ake shigarsa. Taimakon neman aiki da darussan Turanci na ORR kuwa har shekara 5 ne. TANF iyakarsa wata 60 a rayuwar mutum a dokar tarayya, wasu jihohin ma sun gajarta shi.

SSI, kuɗin tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama da masu nakasa, shekara 7 ne daga ranar samun matsayi, daga nan galibi ya tsaya sai in an zama ɗan ƙasa. Tunda ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara 5, har ma a miƙa takarda kwana 90 kafin cikarsu, duk iyalin da ke da tsoho a gida su fara shirin jarrabawar tun a shekara ta huɗu.

Kada a haɗa masu SIV da waɗanda aka shigar da izinin jinƙai na wucin gadi bayan faɗuwar Kabul a Agustan 2021. Su haƙƙinsu yana ɗaure ne da wa'adin izinin nasu. Bambancin ya ƙara nauyi bayan dokar 4 ga Yulin 2025, wadda ta taƙaita SNAP ga 'yan ƙasa da mazaunan dindindin da wasu rukunoni kaɗan. A ranar sabunta fayil ɗin tallafi, mai SIV ya tafi da katin zamansa, ya tabbatar an rubuta shi a matsayin mazaunin dindindin da ya shigo da bizar SQ ko SI.