Yadda ake dafa kinwa ta fito wara-wara ba ɗaci

Kinwa, wata ƙaramar ƙwaya da ake dafawa a ci, wadda za ki ga an rubuta quinoa a jikin ledarta, ta fara shigowa manyan shagunan Jos da Abuja, kuma tsadarta ta isa ta sa mutum ya kula kada tukunyar farko ta tafi a banza. Ƙorafi biyu ne ake yawan yi a kanta: ta yi ɗaci, ko ta caɓe kamar fate. Duka biyun daga hannun mai girki suke, domin wasu na ɗaukarta kamar shinkafa, wasu kuma kamar acca, alhali tana da nata hali.

Asalinta tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, musamman kewayen tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, kuma har yau ƙasashen biyu ne kan gaba wajen nomanta. Sunanta ya ƙara bazuwa bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata shekarar 2013. Ba dangin gero ko dawa ba ce, 'yar uwar alayyahu ce. Wanda ya taɓa murza kan alayyahu ya ga irinsa zai gane kamannin. Akwai fara, ja da baƙa. Mai farawa ta sayi fara, ita ce ta fi laushi da saurin dahuwa.

Wanki shi ne rabin aikin. Kowace ƙwaya na lulluɓe da wani sinadari mai suna safonin, wanda shukar ke kare kanta da shi daga tsuntsaye da ƙwari. Shi ne mai ɗacin, shi ne kuma ke yin kumfa kamar sabulu idan ruwa ya taɓa shi. Kamfanoni da yawa na wankewa kafin su ƙulla a leda, amma ko an rubuta an wanke, ki sake naki, minti biyu ne kawai. Ki zuba kinwar a roba, ki sa ruwan sanyi ya sha kanta, ki riƙa murzawa tsakanin tafukan hannu kamar rabin minti. Ruwan zai yi fari da kumfa. Ki tsiyaye, ki sake, sau uku ko huɗu, har ruwan ya yi garau. Ki ɗauki ƙwaya biyu ki tauna: in harshe bai ji ɗaci ba, ta wanku.

Wajen tsiyayewa ne ake asara. Kwandon tsane shinkafa ba zai riƙe ta ba, rabinta zai bi ruwa. Rariya mai ƙananan ido ake so, irin ta tankaɗe, ko ki shimfiɗa ƙyallen tatar koko a kan kwando. Wadda aka saya a buɗe ba cikin leda ba, ki rege ta da ƙwarya yadda matan Filato ke rege acca, saboda tsakuwa. Sannan ki bar ta ta tsane sosai na minti biyar, domin ruwan da ya maƙale a jikinta zai shiga lissafin ruwan dahuwa ba ki sani ba.

Soyawa kafin dafawa ba dole ba ce, amma tana da daɗi. Cokali ɗaya na man gyaɗa a tukunya, ki zuba kinwar da ta tsane, ki juya minti uku a matsakaiciyar wuta har ta fara ƙara tas-tas tana ƙamshin soyayyen riɗi. Wannan na rage warin ɗanye da wasu ba sa so, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin su rabu.

Yanzu awo. Kofi ɗaya na kinwa, kofi biyu na ruwa, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Girman kofin bai dame mu ba, ko gwangwanin madara ne, muddin da shi aka auna duka biyun. Kofi ɗaya na ɗanya, wajen giram 170 ke nan, yana ba da kusan kofi uku dafaffe, wanda zai ishi mutum biyu zuwa uku idan akwai miya. A Abuja za ki iya rage ruwan zuwa kofi ɗaya da uku bisa huɗu, ta fi fitowa wara-wara. A Jos kuwa ki bar shi kofi biyu cif. Garin na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa na tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, don haka dahuwa na ɗan jan lokaci kuma ruwa na ƙara tafiya a tururi. Shi ya sa wake ma ke gwada haƙurin mutum a Jos.

Ki ɗora a wuta mai ƙarfi har ya tafaso. Da ya tafaso ki rage wutar zuwa can ƙasa, ki rufe ruf, ki duba agogo: minti 15 ga fara, a Jos ki ƙara biyu ko uku, ja da baƙa kuma su kan kai minti 20. A tsakanin nan ba buɗewa, ba juyawa, ba ƙarin ruwa. Al'adar nan ta dafa shinkafa, a leƙa, a yayyafa ruwa, a motsa, ita ce ke kashe kinwa, domin ƙwayar ƙarama ce, motsi na farfasa ta ya fito da sitacinta ta dunƙule. Idan a gawayi kike girki, ki kwashe yawancin garwashin bayan tafasa, ki bar kaɗan. Tukunya mai kaurin gindi ta fi, kuma ƙarama, don a faffaɗar tukunya kofi biyu na ruwa zai ƙone kafin ƙwayar ta nuna. Murfin da ba ya zama daidai, ki sa takardar foyil a ƙarƙashinsa.

Alamar nuna ba ta ɓuya. Ƙwayar za ta kumbura ta yi sheƙi kamar ana hango cikinta, wani ɗan farin zare kuma ya warware ya naɗe a gefenta kamar zobe. Wasu na tsorata su ce tsutsa ce. Tsiron ƙwayar ne, kuma fitowarsa ke nuna an gama. Ki karkata tukunyar, in ba ruwa a ƙasa ki mayar da murfi ki sauke, amma kada ki sake taɓa murfin sai bayan minti biyar zuwa goma. A wannan sulalar ne tsakiyar ƙwayar ke ƙarasawa, ragowar laima kuma ta shige. Daga nan ki wargaza da cokali mai yatsu a hankali, ba da ludayi ko muciya ba.

In ta riga ta caɓe, ruwa ne ya yi yawa ko ba a tsane ba. Ki baza a faranti mai faɗi ta sha iska, ko ki mayar kan ƙaramar wuta ba murfi na minti uku. Wadda ta wuce gyara a yi fate da ita, babu asara. In kuma ruwa ya ƙone amma ƙwayar na da tsakiya, ki yayyafa cokali uku na ruwan zafi, ki rufe, minti biyar. Ƙanzo a gindin tukunya wuta ce ta yi yawa. Ɗaci ne kawai ba shi da magani bayan an dafa. Miya mai ƙarfi ko matsin lemon tsami na iya ɓoye shi kaɗan, ba dai su cire ba.

Da ruwa zalla ɗanɗanonta lami ne, shi ya sa romon kaza ko na nama ya fi, sai ki rage gishiri idan romon na da magi. Tana ɗaukar miyar ja, miyar taushe, har da mai da yaji. Dafa-duka ma na yiwuwa, sai dai akwai tarko: ruwan tumatir na cikin lissafi. Ki soya kayan miya, tumatir da tattasai da attarugu da albasa, har ruwansu ya ƙone mai ya taso, sannan ki zuba kinwa kofi ɗaya da romo kofi ɗaya da rabi. Babu zancen yi mata tafasa ɗaya tukuna kamar shinkafa. Karas da koren wake, waɗanda kasuwar Farin Gada ta Jos ba ta rasa su, ki yanka ƙanana ki zuba a kai saura minti biyar, buɗewa ɗaya tak, ki mayar da murfi da sauri. A gwate za ta iya maye gurbin acca ko tsaki, amma ki ba ta cikakken minti 15 kafin yakuwa da alayyahu su shiga, tunda ba ta da saurin acca. Tuwo kam ban ba da shawara ba: ba ta da danƙon da zai riƙe malmala, kuma a wannan tsadar tuwon acca ya fi ta ko'ina.

Mai son ta auku na iya haɗa ta da shinkafa rabi da rabi. Basmati lokacinsu kusan ɗaya ne, sai a zuba tare. Shinkafar gida da aka turara ta fi jan lokaci, don haka a bar ta ta yi kamar minti goma kafin kinwa ta bi.

Masu ciwon suga na nemanta, to a san abin da aka saya. Giram 100 na dafaffiyar kinwa na da wajen giram 21 na sitaci da danginsa, farar shinkafa kuma wajen 28, sannan furotin ɗinta ya haura giram 4, kusan ninki ɗaya da rabi na shinkafa. Sauƙi ne, amma ba lasisin cika faranti ba ne. Awon da likita ya yanka yana nan.

Dafaffiya na kwana uku zuwa huɗu a firij cikin roba mai murfi, idan wuta ta tsaya. Inda ake ɗauke wuta yini guda, ki dafa daidai ci, domin tana saurin tsami kamar shinkafa. Wajen ɗumame ki yayyafa cokali biyu na ruwa, ki rufe, ƙaramar wuta minti uku. Ɗanyar kuma da an buɗe leda a juye ta a kwalba mai murfi, a ajiye inda laimar damina ba ta kai.