Yadda ake duba da kunna manhajojin ɓoye bayanai a kanel ɗin Linux

Har zuwa 1996, dokar Amurka tana lissafa manhajar ɓoye bayanai mai ƙarfi cikin kayan yaƙi, ko bayan nan ma ba a fitar da ita ƙasar waje sai da izini. Shi ya sa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana da na'ura kai tsaye, ya daɗe babu wannan sashe a cikinsa. Mai buƙata sai ya sauko da faci daga shafin kerneli.org ya liƙa da kansa. Debian ma, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta ware rumbu dabam a wajen Amurka don irin waɗannan manhajoji. A watan Janairun 2000 aka sassauta dokar ga manhajar da lambobinta ke buɗe ga kowa, a 2002 kuma sashen ya shiga kanel 2.5.45. An tsara shi gunduwa-gunduwa, kowace dabarar ɓoyewa da modul ɗinta, ana ɗorawa ana saukewa.

Fara da ganin abin da kake da shi. Buɗe taminal ka rubuta:

cat /proc/crypto

Zai jero dabarun da kanel ya riga ya ɗora, irin su aes da sha256, da modul ɗin da kowacce ta fito. Inda ka ga an rubuta kernel a layin modul, to a jikin kanel aka gina ta. Sannan ka duba ko furosesarka tana da taimakon AES:

grep aes /proc/cpuinfo

Idan kalmar ta bayyana, ɓoyewar ba za ta ja wa kwamfutarka nauyi ba. Umarnin cryptsetup benchmark zai nuna maka saurin kowace dabara a kan na'urarka.

Yanzu ɗora modul ɗin da ke rufe faifai:

sudo modprobe dm-crypt

Ka gwada da filashin da babu komai mai muhimmanci a ciki, domin mataki na gaba yana shafe abin da ke kai. Ka duba sunansa da lsblk, ka sake dubawa. Harafi ɗaya ne tsakanin sdb da sda, kuma sda sau da yawa shi ne faifan da duk aikinka yake. Idan sdb1 ne:

sudo cryptsetup luksFormat /dev/sdb1
sudo cryptsetup open /dev/sdb1 sirri
sudo mkfs.ext4 /dev/mapper/sirri

Umarnin farko zai nemi ka saka kalmar sirri; idan ka manta ta, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka.

Ga mai harhaɗa kanel da kansa, a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Cikin make menuconfig, wato allon zaɓen abin da zai shiga kanel, ƙarƙashin Cryptographic API, kowace dabara za ka iya ba ta Y, ta shiga jikin kanel, ko M, ta zama modul. M yana da daɗi don kanel ba ya kumbura. Amma idan faifan da tsarin ke tashi daga kai shi ne a rufe, modul ɗin buɗe shi kuma yana cikinsa, ka kulle ɗaki ke nan makulli na ciki. Ko dai ka ba dm-crypt da AES da XTS (salon da ake amfani da AES wajen rufe faifai) harafin Y, ko ka tabbatar sun shiga initramfs, wato ƙaramin ƙunshin fayilolin da kanel ke fara ɗorawa kafin ya buɗe faifai. A Debian da Ubuntu, sudo update-initramfs -u ne ke sabunta shi. Ni dai Y nake zaɓa ga duk abin da tashin kwamfuta ya dogara da shi, sauran in bar su a M. Kada kuma ka goge tsohon kanel sai sabon ya tashi lafiya.

Idan na'ura za ka ƙera da wannan kanel ka sayar a wata ƙasa, ka nemi lauya ya duba maka dokar ƙasar da kayan za su fita da ta wadda za su shiga. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Wassenaar ta 1996, mai kula da fitar da makamai da fasahohi masu alaƙa da su, har yanzu suna sa ido kan kayan ɓoye bayanai, wasu ƙasashen kuma sai da lasisi ake shigo da su.