Yadda za ka daidaita ƙarfin motsa jiki idan kana son rage ƙiba

Mai nauyin kilo 70 da ya yi rabin awa yana tafiya da sauri zai ƙona kalori (ma'aunin kuzarin da jiki ke samu daga abinci) kusan 150. Da sassarfa ya yi, sai ya ninka haka. Shi kuwa kilo ɗaya na kitse ya kai kalori 7,700, shi ya sa teɓa ba ta tafiya a mako guda. Tambayar ita ce da wane ƙarfi za ka yi aikin, kuma har tsawon wane lokaci za ka iya jurewa.

1. Ka san matakin da kake

Bakinka ya isa ma'auni. In kana tafiya kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana matsakaicin mataki. In kalma biyu uku kawai kake fitarwa sai haki ya tare ka, ka shiga mai tsanani. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220, abin da ya rage shi ne kimanin ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti. Ɗan shekara 40 zai samu 180: matsakaici gare shi bugu 90 zuwa 126 ne (kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari na 180), mai tsanani kuma 126 zuwa 153 (kashi 70 zuwa 85). Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu.

2. Ka fara da matsakaici

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Mai neman rage ƙiba ya nufi minti 300 ɗin, amma a hankali. Tafiyar ta zama irin ta wanda ke gudun kada jam'i ya wuce shi, ba ta mai zaga kasuwa ba.

Za ka ji ana cewa motsi a hankali ya fi ƙona kitse. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: a hankali jiki ya fi dogara da kitse, da ƙarfi kuwa sai ya koma kan sukarin da ya ajiye a tsoka. Sai dai jimillar abin da ka ƙona ita ce ke rage nauyi, kuma a minti ɗaya mai tsanani ya fi cin kalori nesa ba kusa ba. Amfanin matsakaici shi ne za ka iya daɗewa a kai, gobe ma ka fito.

3. Ka riƙa sirka mai tsanani

Bayan 'yan makonni, in gwiwa ba ta ƙorafi, ka ɗumama jiki na minti biyar, ka yi gudu daga wannan falwaya zuwa ta gaba, ka taka tsawon falwaya biyu a hankali har numfashi ya dawo, ka sake. Zagaye shida zuwa takwas sun isa, sau biyu a mako, ba a jere ba. Tsallen igiya ko hawa bene ma suna yi, musamman ga matan da suka fi son yi a cikin gida. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa, a tsaya nan take.

4. Kwana biyu a mako na tsoka

Ɗaga ƙarfe ko tsuguna-miƙe, don kada tsoka ta zube tare da kitsen.

5. Kada gumi ya ruɗe ka

Masu naɗe ciki da leda su fita da rana tsaka ruwan jikinsu suke zubarwa, da sun sha ruwa nauyin ya dawo, ga haɗarin faɗuwa. Ka fita da sanyin safiya ko bayan la'asar. Atisayen ciki shi kaɗai ma ba ya cire tumbi, jiki ba ya zaɓar inda zai narkar da kitse.

6. Ka tsare bakinka bayan an gama

Gudu na jawo wa wasu yunwa, kuma lemon kwalba ɗaya ya isa ya mayar da kusan duk abin da tafiyar rabin awa ta ƙona. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ka auna ƙugu da tef ɗin tela. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya yi daidai. In wata ya wuce babu canji, ka ƙara minti goma kan tafiyar ko ka rage malmalar tuwon dare.