Yadda Ɗan Wasa Mai Ƙaramin Jiki Zai Gina Yarda Da Kansa Ta Hanyar Nazarin Gwanaye

Hausawa sun ce gajere ba yaro ba ne, amma a wajen gwajin 'yan ƙwallo sau da yawa jiki ake fara kallo kafin ƙafa. Yaron da aka mayar gida don ƙanƙanta yakan ɗauka ƙwarewa ce ba shi da ita. Maganin wannan shi ne ya samu gwanin da ya sha irin wannan matsala, ya yi nazarin yadda ya warware ta.

Fara da zaɓen wanda za ka koya daga gare shi. A nan mutane da yawa ke kuskure, domin kowa Messi yake ɗauka. Gaskiya ne tsawonsa mita 1.70 ne, kuma an yi masa maganin ƙarancin sinadarin girma tun yana yaro kafin ya koma Barcelona yana ɗan shekara 13. Sai dai ɗan baya ba zai ƙaru da shi sosai ba. Ka zaɓi mai buga gurbinka. Ɗan tsakiya mai ƙwace ƙwallo ya kalli N'Golo Kanté, mita 1.68, wanda ya ɗauki kofin Firimiya da Leicester a 2016, da Chelsea a 2017, sannan Kofin Duniya da Faransa a 2018. Mai tsara wasa ya kalli Xavi, ko Luka Modrić da ƙungiyar Hajduk Split ta ƙasarsu Croatia ta ƙi ɗauka yana yaro, ya zo ya lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, a 2018. Ɗan baya na gefe yana da Philipp Lahm, kyaftin ɗin Jamus a 2014. Ɗan baya na tsakiya kuwa ga Fabio Cannavaro, mita 1.76, gajere ƙwarai a gurbinsa, wanda ya jagoranci Italiya ta ci Kofin Duniya a 2006.

Ka daina dogaro da guntayen bidiyon ƙwallayen da aka ci. Suna burgewa, amma ba sa nuna inda aikin yake. Samu cikakken wasa, ka kalli minti 20 idonka a kan mutum ɗaya, ko ƙwallo na wurinsa ko ba ta. Riƙe biro ka rubuta abu uku: sau nawa yake waiwaye kafin a ba shi ƙwallo, ina yake tura ta a taɓawar farko, kuma me yake yi idan ƙato ya taso masa. Za ka lura ba safai yake yarda a yi ƙarfi da ƙarfi ba. Kafin ƙaton ya iso, ya riga ya saki ƙwallon ko ya juya.

Daga nan sai ka ɗauki abu ɗaya tak ka kai shi filin atisaye na mako biyu. Idan waiwaye ne, ka riƙa buga ƙwallo a bango sau 50 da kowace ƙafa, kana duba bayanka kafin ta dawo. Idan kare ƙwallo ne, nemi abokin da ya fi ka jiki, ku shata fili taku biyar kowane gefe, ka riƙe ƙwallo daƙiƙa 20 yana matsa maka, sau shida. Ka ba shi gefenka, ka lanƙwasa gwiwa, ƙwallo a ƙafar da ke nesa da shi. Gajere ya fi kusa da ƙasa, shi ya sa ture shi ke da wuya idan ya durƙusa, kuma ya fi dogo saurin sauya alkibla. Wanda ya miƙe sambal ya zubar da wannan ribar da kansa.

Ƙwallon sama ma ba a sallama ta gaba ɗaya. Ka riga abokin hamayya tsayawa inda za ta sauka, ko ka bar shi ya yi tsalle kai kuma ka jira inda za ta faɗo.

Ka buɗe littafi. Bayan kowane wasa rubuta fasin nawa ka bayar ya isa, sau nawa ka ƙwace, sau nawa aka ƙwace maka. Ranar da wani ya ce ka yi ƙanƙanta, waɗannan alƙaluman za su riƙe maka zuciya fiye da kowane lallashi.

Abin da ya fi ɓata wannan tsari shi ne kwaikwayon yanka. Yaro ya ga Maradona, mita 1.65, ya yanke 'yan Ingila a 1986, sai ya riƙa riƙe ƙwallo har a make shi, koci ya ce ai dama jikinsa bai kai ba. Na biyu shi ne sayen ƙwayoyin da ake cewa suna ƙara tsawo. Abin da aka yi wa Messi magani ne na likita bayan gwaji. Idan ana zargin girman yaro ya tsaya, asibiti za a je. Samari da yawa sukan yi saurin tsawo wajen shekara 13 zuwa 14, wasu kuma sai daga baya, don haka yaro ɗan 13 da sa'o'insa suka fi tsawo ba lallai haka zai ƙare ba. Kafin lokacin, barcin awa 8 zuwa 10, cin abinci isasshe, da motsa jiki na ƙarfafa cinya da ciki sau biyu a mako sun wadatar.